Kwamfuta Ma Tana Shara Ƙarya, Malam

To 'yan gardama, ku matso kusa. Na san abin da ke bakinku: ai kwamfuta ba ta ƙarya, jona mata waya kawai ta karanto maka. Wa ya faɗa muku? Tana shara ta, ko kunya ba ta ji.

Ita fa ba zuba wa siginar lantarki ido take yi ba. Leƙe take yi: ta auna ƙarfin wutar, ta rubuta lamba, ta kau da kai, ta sake leƙowa. Abin da ya wakana tsakanin leƙe biyu kuwa shaci-faɗi ne. Wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ba ta wahalar da kowa. Amma tashar FM sau miliyan 88 zuwa 108 take kaɗawa. A nan ake yin ta.

Harry Nyquist ya share fagen a 1928, Claude Shannon ya tabbatar a 1949: dole yawan leƙe ya haura ninki biyu na saurin siginar. Masu son ganin ainihin siffarta ma sai sun yi ninki biyar ko goma.

Ga mai Arduino Uno can baya yana ɗaga hannu. Zauna, ƙanena. Naka kusan sau 10,000 yake leƙawa a daƙiƙa. Ba shi sigina mai kaɗawa sau 9,000, zai zana maka mai 1,000, tsaf-tsaf ba ko tabo, ka buga a takarda ka kai wa malaminka kana washe baki. Ba ku taɓa ganin tayar mota a fim tana juyawa baya alhali motar na sheƙa gudu gaba ba? Kyamara ce mai hoto 24 a daƙiƙa ta kasa cim mata. Maganin shi ne matata da za ta tare abin da ya fi ƙarfin na'urar tun daga ƙofa, don da zarar an rubuta lambobin, babu manhajar da za ta tsince ƙaryar.

Ko ka sayi katin auna sigina mai tsada, waya na iya kunyata ka. Doguwar wayar ƙasa eriya ce, duk hayaniyar ɗakin za ta kwaso. Kebul mai om 50 kuma in bai tarar da daidai da shi a ƙarshe ba, siginar ta yi tsalle ta dawo.

"Ashe sai mai kuɗi ke nan?" A'a, Alhaji. A 2012 masu ƙwaƙwa suka mai da 'yar sandar kallon talabijin ta USB, mai guntun RTL2832U, rediyon kwamfuta. Leƙenta kusan miliyan 2.4 ne a daƙiƙa, amma tana kama FM, har da siginar jiragen sama mai kaɗawa sau miliyan 1,090. Kafin ku yi ihu an karya doka: ɗan yanki take gutsurowa, ta sauko da shi ƙasa, sannan ta auna. Sai ku nemi wani abin musun.