Ku Da Kuke Cewa Ai Nas Ce Kawai

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba: wai kowa gwaggonsa waliyyiya ce in ta rasu. To, ku ce. Ni dai yau sai na yi maganar tawa, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta, wadda ta ƙarar da ƙuruciya da tsufa tsakanin ɗakin marasa lafiya da ajin makarantar koyon jinya. Kuma ku sani ina da lasisin tsokanarku. Ɗan gwaggo taubashi ne, ita kuwa rabin garinmu Mama suke ce mata: wasu a hannunta suka faɗo, wasu ita ta koya wa iyayensu mata aiki. Duk wanda ya ji haushi sai ya haɗiye, ba a kai ƙarar taubashi wajen mai unguwa. Maganar kuɗin shara kuma mu bar ta sai watan Cika-ciki.

Bari in fara da kai, Malam mai taɓe baki, da kake cewa ai nas ce kawai, ba likita ba. Gaskiyarka. Ita ma in mutanen ƙauye suka kira ta Likita takan gyara musu. Amma ranar da aka ba ka gado, minti nawa likita ya yi a kanka? Ya zo da safe da ayarinsa, ya duba kati, ya yi rubutun nan da ba ka iya karantawa, ya wuce gado na gaba. A ce ya rubuta a ƙara maka ruwa leda ɗaya cikin awa takwas. Ledar mililita 500 ce, robar da aka saba ɗaurawa kuma ɗigo 20 ne ke cika mililita guda, ka ga ya kama ɗigo 21 ke nan a minti. Gwaggo za ta tsaya, agogonta na maƙale a ƙirjin riga, ido a kan ɗigo, tana murza 'yar tayar nan har lissafi ya zauna. Tana juya baya sai ƙaninka mai jinya ya buɗe ruwan ya riƙa kwarara, wai don ƙarfi ya shiga jiki da wuri. In tsoho ne mai ciwon zuciya, ruwan nan a huhunsa zai taru. Ta dawo ta gani, ta ɗaga murya, shi ke nan kun samu na kai wa majalisa: malaman asibitin nan ba su da mutunci.

Ba zan rantse muku cewa babu masu wulaƙanci a cikinsu ba. Akwai wadda za ka yi wa sallama tana danna waya, akwai mai yi wa mai naƙuda gori. Gwaggo ta fi ku jin haushin irin waɗannan, domin ku zagi kawai kuke yi, ita kuwa hana su wuce jarrabawar gwaji take yi. Sai dai faɗa iri-iri ne. Nata faɗan, in ka bi sawunsa, za ka tarar da wani abu da ya kusa kashe mutum: maganin gargajiya da aka ɓoye ƙarƙashin matashi ana ɗirka wa mai ciwon ƙoda, ko fura da aka ɗura wa wanda za a shiga da shi tiyata da safe.

A aji ne ya kamata ku gan ta, don a nan ne aikinta ya yi 'ya'ya. Ɗalibanta ba sa taɓa mutum da allura sai sun huhhuda lemo ya fita hayyacinsa. Daga nan ta zana ɗuwawu a allo, 'yan mata na rufe baki suna dariya, ta raba shi gida huɗu da alli, ta buga gidan sama na gefen waje, ta ce nan kaɗai. Ƙasa da nan akwai babbar jijiya da ta gangara har tafin ƙafa. Wanda ya soke ta, ya bar yaro da jan ƙafa, wataƙila har abada. Kai da kake kai ɗanka kemis a tsikara masa allura don ta fi ƙwaya saurin aiki, ka taɓa tambayar yaron shagon wa ya raba masa ɗuwawu gida huɗu?

Takan sa ɗaliba ta zauna gaban jariri mai tari, ta ɗage masa riga, ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, ba rabin minti a ninka ba. Ɗan wata biyu zuwa ƙasa da shekara, in ya kai 50, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, to a daina cewa mura ce, a yi zargin ciwon huhu. Babu na'ura a nan, daga ido sai agogo. Mara lafiyar da ba ya iya motsi a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba bayansa ya ɓarke da gyambo. Kuma komai a rubuta. Ɗaliba ta ce wallahi Mama na auna zafin jikinsa, sai ta ce, "Ban ce ki rantse ba, 'yar nan, cewa na yi ki nuna mini a takarda." Sun tsane ta a shekarar farko, wannan ba ɓoyayye ba ne. Su ne kuma, da furfurarsu da muƙamansu, suka cika gidan ranar sadakar uku har muka rasa tabarmar shimfiɗa wa dangi.

Ke kuma Hajiya, na ji kina cewa aikin Turawa ne aka ɗora mana, 'yar mutunci ba ta kwana a waje. Haka aka faɗa wa kakanmu lokacin da ya bar Gwaggo ta tafi koyon jinya, har wasu suka daina gaishe shi na ɗan lokaci. Gaskiya ne farar hula da tsarin makarantar daga Ingila suka zo, kuma ranar 12 ga Mayu da ake bikin ma'aikatan jinya a duniya ranar haihuwar Florence Nightingale ce, a 1820. Amma Gwaggo na da amsar da take kashe bakin kowa da ita. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda aka yi wa rauni, kuma can aka kai Sa'adu bin Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Handaƙ. Sai ta tambaya ko akwai wanda ya fi mutanen wannan zamani sanin mutuncin mace. Ban taɓa ganin wanda ya amsa ba.

Takardun shaidarta biyu ne a bango, na jinya da na ungozoma, kowanne da hatiminsa, domin a lokacin hukumomin daban suke: ta ungozoma ta samo asali daga dokar 1930, ta jinya daga ta 1947, sai a 1979 aka haɗe su wuri guda. Tana yawan ambaton Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas na Landan, ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta riƙe muƙamin metiron a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964. Zamaninsu sirinji na gilashi ne, dafa shi ake yi a sake amfani da shi. A 1996, da sanƙarau ya kwantar da mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa, ta ajiye alli ta koma ɗakin marasa lafiya da ɗalibanta. Mun yi makonni sai dai mu ga wankinta a igiya.

Yanzu mu zo inda nake son kama ku da hannu dumu-dumu. Ku da kuke raina nas da rana, ƙofar wa kuke ƙwanƙwasawa ƙarfe biyun dare? Falon Gwaggo asibiti ne da ba a yankar kati. Mai zazzaɓi, mai ƙunar ruwan zafi, amaryar da ke jin kunyar faɗa wa uwarta, alhajin da ya zo da takardar gwaji a ninke cikin hula yana cewa ta abokinsa ce. Ta san sirrin gidaje da yawa, ta tafi da abinta. Kuma ta san iyakarta: in abu ya fi ƙarfin falo, mayafi take ja ta ce a tayar da mota, ba ta tsaya gwada sa'a a kan ɗan mutane.

Yaƙinta mafi tsawo da kakarmu ta yi shi, uwar da ta haife ta, a kan jego. Kaka na nan a kan kunun kanwa kofi-kofi da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in. Gwaggo ta ce tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura mata masu jego na zuwa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa su da shi. Kaka ta ce ita da haka ta haifi goma, har da mai wannan surutun. Aka yi sulhu irin na gida: kanwa ta ragu, ruwa ya huce, kowacce ta ci gaba da cewa ita ta yi nasara. Dakashi kuwa Gwaggo ba ta yi sulhu a kansa ba. Duk wadda ta matse nonon farko ta zubar wai mai dauɗa ne, ranar za ta gane Gwaggo ba ta gaji haƙuri ba.

Kada ku ɗauka dodo ce. Aljihunta ba ya rabuwa da alewa, kuma ta san tarihin kowane tabo a jikinmu. Kuɗin makarantar marayun dangi daga albashinta yake fita, ba mu sani ba sai da ta yi ritaya abin ya tsaya cak na wata biyu kafin fansho ya fara zuwa. Matar da ke wanke ruɓaɓɓen gyambo ta fito ta ci tuwonta, in ƙadangare ya faɗo ɗaki sai ta haye gado tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya.

A farkon 2024 hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ta ce sama da ma'aikata 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ingila da Saudiyya da Amurka ba su ce ai nas ce kawai ba, biza suka buga. Wasu daga cikinsu jikokin Gwaggo ne a aiki, ɗaliban ɗalibanta.

Saura kai, Alhaji, da ka lafe a baya kana murmushi. Kai ne ka tayar da jijiyar wuya a ɗakin haihuwa, ka ce namiji ba zai duba iyalinka ba, a nemo mace. Madalla. 'Yar wa za a nemo? Taka ta gama sakandare bara, ka ce jinya ba aikin 'yar gidanka ba ne, sai dai 'yar wani ta kwana a tsaye saboda matarka. Abin da ake nema kiredit biyar ne: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Na ga sakamakon yarinyar, uwarta ta nuna mini, duk tana da su. Kai ne dai har yau ba ka tambaya ba.