Kashe-kashen Masana a Gindin Tsohuwar Bas Mai Injekta

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa, ƙasa ce mai rairayi da ƙurar hunturu da zafin bazara da kan haura digiri 40, kuma waɗannan uku ba su taɓa yin zumunci da tsohon inji ba. Duk ranar Alhamis, lokacin da kasuwar Maigatari take ci a bakin iyakar Nijar, motocin haya sukan kwashi mutane da awaki da buhunan riɗi da zoɓo daga garuruwa irin su Ɗanzomo da Sule Tankarkar, galibin motocin kuwa 'yan Kwatano ne, wato waɗanda suka gama wa'adinsu a Turai kafin su fara sabuwar bauta a nan. Fitacciya a wannan dangi ita ce bas ɗin Volkswagen samfurin T3 mai inji a baya, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1979, wadda kuma kamfanin Westfalia yakan saka wa gado da murhu domin Turawa masu yawon shaƙatawa su kwana a cikinta. Idan irinta ta faɗo hannun ɗan haya, rana ba ta faɗuwa sai ya fitar da gadon ya jera benci.

Cutar da ta fi addabar irin waɗannan motoci fuska biyu gare ta: shaƙewa, wato direba ya taka totur amma injin ya yi nawa ko ya riƙa fizga kafin ya amsa, da kuma mutuwa, wato injin ya ɗauke ɗungurungum, galibi a sulo, wanda shi ne juyawar inji a hankali sa'ad da aka ɗaga ƙafa. A tsarin injekta na Digifant, wanda Volkswagen ya sa wa injin T3 mai lita 2.1 a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma shiga wasu motocin Golf da Passat, famfon lantarki ne yake turo fetur daga tanki ta cikin mataci zuwa nozul, wato ƙananan bakunan da ke fesa shi, sannan wani akwatin lantarki da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa shi ke yanke yawan man da za a fesa, bisa rahoton da yake samu daga ma'aunin iska da ma'aunin zafin ruwa. Ke nan inji yana iya samun mai da wuta wadatattu, amma ya mutu don kawai an kai wa ƙwaƙwalwarsa rahoton ƙarya. Da zarar kuwa ya mutu a gefen titi, sai 'yan Adam su taru su ɗora aikin kai irin wannan rahoto daga inda na'urori suka tsaya. Ana iya kasa su gida tara.

Na farko shi ne direba mai musu, wanda duk mutuwar da motarsa ta yi ita ce ta farko a tarihi, domin maganarsa ɗaya ce, "Wallahi, Alhaji, ba ta taɓa yi mini haka ba," ko da kuwa fasinjan da yake faɗa wa yana cikin waɗanda suka tura ta makon jiya. Wannan mutum ya ƙware wajen rufa wa cuta asiri: yakan ɗaure wayar totur don sulo ya yi sama, yakan kuma ajiye mota a kan gangara kullum yana cewa inuwa yake bi, alhali babu ko kargo a wurin. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, allurar tankinsa ba ta sake barin ja ba, bai kuwa yarda cewa fetur ɗin da ke ratsa famfon lantarki shi ne yake sanyaya shi ba, balle ya yarda cewa tankin da ba ya cika yana tara tsatsa da laka yana aika su ga mataci, har famfon ya riƙa kuka, ya gaji, ya daina turo abin da injin yake bukata a kan hawa.

Na biyu abokin cinikinsa ne, ɗan bumburutu, mai sayar da fetur a galan da kwalba a bakin hanya, wanda yankin iyaka ya ƙara saninsa bayan Nuwamba 2019, lokacin da Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A iliminsa, mota tana iya mutuwa da kowane dalili a duniya in ban da mai. Idan aka matsa masa, sai ya ɗaga kwalba ya haska ta a rana, ya tuno da Fabrairu 2022, sa'ad da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam ya lalata motoci a manyan birane, ya ce wancan ai a gidan mai aka saye shi. Hujjar gaskiya ce, sai dai ba ta tsame ruwan da ya kwanta a gindin jarkarsa.

Na uku shi ne fasinja masani, galibi dillalin shanu ko ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda bai taɓa riƙe sifana ba amma ya daɗe yana zama a gidan gaba. Shi ne yake fara sauka, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya zagaya gaban mota ya ba da umarni a buɗe inji, sai yaron mota ya rusuna ya ce, "Baba, ai a baya yake," wato ƙarƙashin buhunan riɗi da awakin da sai an sauke su tukuna. Wannan ba ya karya masa gwiwa, domin hukuncinsa a shirye yake cewa mai ne ba ya zuwa, idan kuma aka nuna masa mai yana zuwa, sai ya ce to ya yi yawa ne. Yaron motar, wanda shi ne na huɗu, ba shi da ra'ayi sai aiki: ya sa weji, wato katakon da ake tokare taya da shi, ya rarrafa ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa famfo da sifana, abin takaici ga masana kuwa shi ne wani lokaci motar takan tashi, saboda bugun yana sa gawayin da ya cinye a cikin famfon ya sake taɓa inda ya kamata. Daga ranar yakan yi imani cewa babu cutar da duka ba ya magani, har ya fara gwada shi a kan ƙwaƙwalwa.

Na biyar shi ne mai zargin baki, wanda ya lura cewa motar kullum a wuri ɗaya take mutuwa, daura da wata tsohuwar tsamiya, ya kuma kammala cewa wani ɗan bakin ciki ne a tasha ya yi mata sammu. Lurarsa daidai ce, fassarar ce ta kauce, domin tsamiyar tana daidai nisan da inji yake kai cikakken zafi bayan tashi daga tasha, alhali kwayil da na'urar da ke ba da siginar wuta a cikin distiribiyuta, idan sun tsufa, sukan ɗauke da zafi su dawo idan sun huce. Saboda haka duk abin da aka yi a cikin mintunan da injin yake hucewa, tofi ne ko duka ko zagin direba, shi ne zai kwashe yabo.

Idan aka ja motar zuwa gareji, sai a faɗa hannun ƙwararru, na gabansu kuwa, wanda shi ne na shida, bakanike ne mai sauye-sauye, wanda duk bincikensa bai wuce kalma biyu ba: "A canza." Yakan fara da fulogi saboda araha, ya wuce nozul, ya kai ga famfo, daga nan ya aika yaro Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano a sayo ƙwaƙwalwa 'yar gwanjo, kamar mai neman akuyarsa da ta ɓata ta hanyar saye awakin kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan cutar ta warke a kaya na shida, ba ya mayar da biyar ɗin farko, sai dai ya bayyana wa mai mota cewa su ma dama sun kusa.

Na bakwai gida ne mai 'yan'uwa biyu masu aƙida ɗaya, wato cewa nan ba Turai ba ce. Babban shi ne dattijon kafireto, wanda ya koyi aiki a zamanin Peugeot 404 da 504 da masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta cika ƙasa da su. A wurinsa kafireto, na'urar da ke gauraya mai da iska ba tare da lantarki ba, wadda ake iya kwancewa a kan tabarma a hura ta da baki, ita ce ƙarshen ilimi, don haka maganinsa shi ne a tumɓuke injekta da wayoyinta baki ɗaya, motar ta tashi, sannan mai ita ya gane a aljihunsa abin da aka yi masa. Ƙaramin shi ne mai waya ɗan dairek, wanda yakan cire tamostat, wato murfin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, ya haɗa fanka ta riƙa juyawa ba hutu. Da safiyar hunturu injin ba ya kai zafinsa, ma'auni ya dinga shaida wa ƙwaƙwalwa cewa sanyi ake yi, ita kuma ta dinga ƙara mai, har salansa ta turnuƙe da baƙin hayaƙi, fulogi ya daskare da toka, shaƙewar da aka zo magani ta samu gindin zama.

Na takwas matashi ne mai na'ura, wanda yake isowa da kwamfutar gano cutar mota da wayar hannu cike da bidiyon YouTube. Matsalarsa ita ce soket ɗin bai-ɗaya da ake jona irin wannan kwamfuta bai zama dole ba sai 1996 a Amurka da 2001 ga motocin fetur a Tarayyar Turai, bas ɗin kuwa ta girmi dokokin biyu. Yakan daɗe kwance ƙarƙashin sitiyari yana lalube, ya fito ya kakkaɓe wando ya sanar cewa motar ce ba ta waye ba, sannan ya nemi kuɗin dubawa.

Na tara, wanda ya fi kowa ƙaranci, shi ne bakanike mai awo, kuma ana gane shi da cewa yakan fara da tambaya kafin ya taɓa sifana: da sanyi take mutuwa ko da zafi, a sulo ko a kan hawa, a titi mai laushi ko a gargada? Yakan murɗa makulli ya saurari gunjin famfo, ya jona ma'aunin matsin mai ya duba ko ya kai wajen bar 2.5 da wannan tsari yake bukata, ya bi robobin iska ɗaya ɗaya yana neman tsagar da zafi ya yi, domin iskar da ta shiga ta bayan ma'auni ƙwaƙwalwa ba ta da labarinta, sai mai ya yi ƙaranci. Yakan duba ma'aunin iskar kansa, wanda 'yar ƙofa ce da iska ke turawa tana jan wani harshe a kan layin gawayi, layin kuwa yakan goge daidai inda direba ya fi ajiye ƙafa, shi ya sa mota take fizga a gudu ɗaya kullum. Sau da yawa binciken yakan ƙare a kan wayar ƙasa, wato wadda ke mayar da lantarki ga jikin mota, da ta yi tsatsa ko ta kwance, ya goge ta da sanfefa ya ɗaure, motar ta miƙe sumul. A nan ne bala'insa yake, domin mai mota ba ya ganin komai a ƙasa da aka cire, saboda haka yakan ce, "Malam, ai ba ka yi komai ba," ya miƙa masa kuɗin goro, ya kuma ci gaba da yabon wanda ya taɓa sa shi sayar da ɗan maraƙi don sayen ƙwaƙwalwa. Tunda kasuwa girman kayan da aka canza take biya, iyaye ma wurin masu yawan canza kaya suke kai 'ya'yansu koyon sana'a, har akan iske mai sauye-sauye da yara cike da rumfa, mai awo kuwa da yaro ɗaya tilo, shi ma ɗan ƙanwarsa ne da aka tilasta wa.