Dillalai Biyu a Gida Ɗaya

Tun ranar da na gyara wa Inna rediyonta, wanda batir ne kawai aka saka a juye, 'yan gidanmu ke kirana Injiniya. Da wannan suna na shiga shagon intanet na Baffa a Kano, ana tsakiyar rajistar JAMB. Kwamfuta goma sha biyu, kowace an manna mata takarda da salatif: 192.168.1.2, 192.168.1.3, har ƙarshen layi. Da hannu ake saka wa kowace adireshinta.

Na yi tsaki. "Baffa, ai an daina wannan wahalar. Akwai DHCP a cikin rautarku. Dillalin gidan haya ne: kwamfuta ta yi sallama, ya nuna mata ɗaki, ta ce tana so, ya miƙa mata makulli na awa ashirin da huɗu."

"Nawa ne la'adarsa?"

"Ko kwabo."

"To, bismillah."

Na ɓare takardun nan duka, na ware wa dillali ɗaki hamsin, daga 100 zuwa 149. Komai ya tafi sumul. Da na tsaya nan, da yanzu ina da mutunci. Amma karambanin akuya ya sa na jona wata rauta da na sayo a Farm Centre, wai don intanet ya kai bayan shago. Na manta ita ma da nata dillalin a kunne, yana rabon 192.168.0, unguwar da ba ta da hanyar fita.

Washegari aka kunna janareto. Kwamfuta ba ta tambayar asali, wanda ya riga amsa sallama shi take bi. Rabi suka samu intanet, rabi suka bi baƙon dillali. Firinta kuwa tun fil'azal tana zaune a 105, sai ga shi an ba wa wata kwamfuta ɗakinta. Layin ɗalibai ya kai bakin titi, wata hajiya tana tambayar wane ne mai shagon.

Gumi ya karyo min. Na kashe dillalin da ba shi da laifi, na zare wutar mai laifin, na sake kunna kwamfutocin. Duka suka nuna 169.254, lambar da kwamfuta ke raɗa wa kanta idan ba wanda ya amsa mata, kamar baƙon da ya rasa masauki ya shimfiɗa tabarma a tasha.

Autar Baffa, 'yar aji uku, ta ɗago daga buga takardu. "Yaya, wai su nawa ne ke rabon ɗakunan?"

Minti biyar ta yi. Ta kunna tsohon, ta rufe bakin sabon, ta mayar da firinta lamba 50, inda hannun dillali ba ya kaiwa.

Baffa bai ce uffan ba, tsintsiya ya miƙo min na share takardun da na ɓare. Yanzu ita ake kira Injiniya. Ni kuwa ko Inna Dillali take ce min.