Ɗabaƙun Masu Sayen Sandar Walda a Kaladan

Tun da ƙananan injinan walda na ƙasar Sin suka yawaita a shagunan Tamale, irin waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa ya hau babur da su, sai wata sabuwar jama'a ta bayyana a unguwar Kaladan da kewayenta, wato magidanta waɗanda ba su taɓa zama gaban masta ko na yini guda ba, amma suka ƙudura a ransu cewa ba mai sake cin kuɗinsu a kan gyaran ƙyaure, ko ƙarfen taga, ko gadon tankin ruwa, wanda ƙarancin ruwan famfo ya kusa mai da shi farilla a kowane gida. Sayen inji ba wuya ga wanda Allah ya hore wa. Mas'alar tana wajen zaɓen sanda, domin a nan ne halin kowa yake fita fili, kuma wanda ya zauna a bencin mai shago zai ga masu sayen sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farkonsu shi ne Ma'abocin Kauri, wanda ya yi i'itiƙadi cewa ƙarfin aiki yana cikin girman sanda, saboda haka tun kafin ya kashe babur yake cewa, "Yaro, ba ni geji 8, ni ba na harka da ƙananan kaya." In mai shago ya rusuna ya ce, "Alhaji, injin naka amfiya nawa yake bayarwa?" sai ya ɗauki tambayar rashin ladabi. Alhali kuwa geji 8, mai kaurin milimita 4, tana neman wuta wajen amfiya 140 zuwa 180, abin da soket na ɗaki mai fiyus 13 ba zai daɗe yana ɗauka ba, kuma bututun da Alhaji yake nufin haɗawa bai kai kaurin sandar kanta ba. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko dai sanda ta manne ta ƙi sakin ƙarfe, ko kuwa ya murɗa inji har ƙarshe, ya huda bututu, wutar gida ta ɗauke, uwargida ta leƙo daga madafa tana tambayar lafiya.

Na biyu shi ne Mai Taƙlidi, wanda ya taɓa jin wani tsohon mai walda ya yabi 6013 geji 12, ya riƙe wannan fatawa bai ƙara neman wata ba. In za a yi masa adalci, mazhabarsa ta fi ta kowa kusa da daidai, gama wannan sanda mai milimita 2.5 tana kama wuta da sauri, tana wadatuwa da amfiya 60 zuwa 90, tana aiki da tsohon tiransifoma da sabon inji baki ɗaya, ɓawonta kuma yana tashi da bugu kaɗan, har ma mafi yawan aikin gida ba ya bukatar wata. Illarsa dai ita ce bai san hukunci yana sauyawa da sauyawar ƙarfe ba. Ran da jikin injin niƙan maƙwabciya ya tsage, wanda zubin kas ne mai son sandar nikel, da ɗumamawa kafin aiki, da hucewa sannu-sannu cikin yashi ko toka, sai ya zo da sandarsa ta kullum ya yi ɗinki mai kyan gani. Yana cikin karɓar godiya ƙarfen ya huce, aka ji ƙas, sabuwar tsaga ta fito gefen tsohuwa.

Na uku, wanda ya fi su wahalar sha'ani, shi ne Malamin Lamba, da ya yi karatunsa duka a wayar hannu. Ba zai sayi sanda ba sai ya yi wa mai shago darasi, cewa lambobi biyu na farko ƙarfin ɗinki ne, 60 tana nufin fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, ta uku in 1 ce to a kwance da tsaye da bisa kai duk ya halatta, ta huɗu kuwa bayanin garin da aka lulluɓe sandar da shi ne da irin wutar da take so. Duk wannan sahihi ne, ba mai jayayya. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa tun da 70 ta fi 60, ba abin da ya dace da maratayin tufafinsa sai 7018, sandar da ake haɗa manyan gine-ginen ƙarfe da ita. Abin da ya tsallake a karatun shi ne sharaɗinta, wato ba ta shiri da laima ko kaɗan, har masu aikin gaske a cikin tanda mai ɗumi suke ajiye ta. Shi kuwa ya buɗe kwali a tsakiyar daminar Agusta ya jingine shi bayan randa. Da ya zo aiki sai ta riƙa mannewa, inda ta kama kuma ɗinkin ya fito da ƙananan huji kamar saƙar zuma, malam ya koma waya neman dalili.

Na huɗu Marowaci ne, mai sayen sanda uku-uku, mai neman ragin fesuwa a kan kowace, wanda in ya ga wadda garinta ya farfashe sai ya ce a haɗa masa gyara. Yana ƙona sanda har wuta ta lashi bakin mariƙi, yana tara guntaye a gwangwanin madara, kuma bai taɓa lissafa cewa mariƙin da yake sauyawa ya fi kuɗin guntayen da ya tsira da su ba. Ƙaninsa a ɗabi'a shi ne na biyar, wato Jarumi, wanda ya sayi sanda mai kyau amma ya ga garkuwar fuska almubazzaranci ce, tabaran rana ya isa. Shi ne ake ji da tsakar dare yana salati, idanu sun yi ja suna zuba, yana rantsuwa wani ya watsa masa yashi.

Na shida shi ne Mai Ƙara, wanda kullum yake dawowa da rabin kwali yana cewa an sayar masa da jabu. Ya tuhumi mai shago, ya tuhumi mutanen Sin, ya tuhumi kamfanin wuta, wani lokaci har da bakin maƙwabta. Abu guda da bai taɓa tuhuma ba shi ne wayar at da ya maƙala a kan fenti da tsatsa, inda wuta ba ta da hanyar wucewa. Da ya goge wurin da giranda na minti ɗaya, da shari'ar ta mutu tun ba a shigar da ita ba.

Akwai kuma na bakwai, wanda samunsa nadiri ne. Yakan zo da guntun ƙarfen a aljihu, ya faɗi ƙarfin injinsa, ya faɗi ko aikin a kwance yake ko a tsaye, ya karɓi geji 12 kaɗan da geji 10 kaɗan, ya gwada a kan yayi kafin ya taɓa ƙyauren gidansa, sauran kuma ya naɗe a leda ya sa inda ruwa ba ya kaiwa. Abin da ya fi ƙarfinsa, irin kas da shasin motokin mai ƙafa uku, ya kai wa masu sana'a ba tare da jin kunya ba. Masu walda na Kaladan suna girmama wannan bawan Allah ƙwarai, suna ba shi wurin zama, amma ba shi suke yi wa addu'ar yawaita ba, domin cefanen gidajensu daga gyaran ɓarnar shidan farko yake fitowa.