Ɗan Fillo Ya Gina Rumbun Tuni

Bawana Ɗan Fillo! Labari ya iske ni a Garwa cewa ka kai bijimi kasuwa, ka sayo kwamfuta ka girke a ɗakinka na unguwar Domayo a Maruwa, wai rumbun tuni kake gina wa 'yan aiken ƙirƙirarriyar basira. Dariya ta sa har na ƙware da shayi. Mutumin da tun babbar sallar bara ya manta da jaka goma ta sefa da na ranta masa, shi ne yau zai koya wa na'ura riƙe magana!

Bari ni Babarbare in yi wa jama'a bayani, don in na bar ka, da Fillanci za ka ƙarasa. Waɗannan manhajoji irin ChatGPT, wanda ya fito a Nuwamba 2022, bakinsu da kaifi, amma kansu ba ya riƙe hirar jiya. Shi ya sa ake haɗa musu rumbu a gefe. Abin da ka gaya wa ɗan aiken yau sai a rubuta, a mayar da ma'anarsa lambobi, a ajiye. Gobe in ka yi tambaya, a zaƙulo wanda ya yi kama da ita a miƙa masa. Yawanci a kwamfutocin kamfanonin Amurka ake wannan ajiya. Kai kuwa kunyar Fulani ta hana ka bar wa baƙo sirrinka, ka ɗauko manhajar kyauta irin Mem0 ka girka da hannunka. Nan kam ka yi hankali, kuma na san a maƙwabtaka da mu ka tsince shi.

Sai dai rumbun nan kiwo yake so, ya fi saniyar tatsa rigima. A watan Afrilu zafin Maruwa yakan haura digiri 40, kogin Mayo Kaliyawo ya koma rairayi zalla, ita kuwa na'ura ba ta san bin inuwar bedi ba. Wutarku daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, kuma kowa ya san in ruwanta ya ja baya sai rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Maruwa da Gider sun rage wahalar, amma ka nemi batir. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ɗan aikenka ya wayi gari bai san sunanka ba.

An kuma ce duk ajiyar a faifai ɗaya ka zuba. Haba! Kakanninka ba su taɓa tara dukiya a garke ɗaya ba, sukan raba wa dangi saboda annoba. Ka kwafi ajiyar ka kai wani gida. Ƙofar rumbun kuma ta intanet take, ka sa mata kalmar sirri ta kirki, ba sunan saniyarka ba, wanda duk yaran unguwa sun haddace. In akwai lambobin wayar mutane a ciki, ka tuna Kamaru ta yi dokar kare bayanan jama'a a Disamba 2024.

Babbar matsalar ita ce, na'ura duk abin da aka zuba mata shi take tunawa, gaskiya ko ƙarya. Na ji ka gaya mata Barebari ne bayin Fulani, tana ta maimaitawa kamar aku. Goge wannan yau, ka rubuta mata daidai: Ɗan Fillo bawan Babarbare ne, ana kuma bin sa jaka goma. Ranar Juma'a ina tafe Maruwa. A tanadar mini kindirmo da kuɗina.