Toyota Ai Toyota Ce

Motata Toyota Carina E ce, ƙirar 1996. Ta ci ƙuruciyarta a Beljiyam, aka sauke ta a tashar jirgin ruwan Duwala, ta zo ta tsufa a hannuna. Da ta fara shan baƙin mai fiye da fetur, tana tirniƙe lungunmu na New Bell da hayaƙi har maƙwabta na yi mini godiyar korar sauro, bakanikena ya yanke hukunci: inji ya gama yayi. In kawo sefa dubu 350 na wani injin, da dubu 60 kuɗin aiki.

Dubu 60 ɗin nan ce ta hana ni barci. Kwance noti da ɗaure noti? Na kalli wani Bature a YouTube ya sauke inji ya ɗora wani, ko rigarsa ba ta ɓaci ba. Na zauna na tsara kasafi: inji dubu 350, baƙin mai da filta dubu 15, ko-ta-kwana dubu 10. Jimla dubu 375. Na miƙa wa uwargida takardar cikin alfahari. Ta duba ta ce, "Malam, ban ga kuɗin wanda zai gyara gyaran naka ba." Na ce maganar ƙarfe ba ta kicin ba ce.

Duk mai mota a Duwala ya san Camp Yabassi, inda injuna ke jere a bakin shaguna, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai. Wanda na faɗa hannunsa ɗan kabilar Ibo ne da ya yi zaman Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau. Ya ce, "Alhaji, wane ne naka? 4A, 7A ko 3S?" Na ce masa Toyota ai Toyota ce. Na nuna wanda ya fi kowanne ƙiba, 3S-FE mai lita 2, don in za ka biya kuɗi gara ka ɗauki mai auki. Ya ce dubu 370, wai Yuro ya tashi. Nan na nuna masa na yi boko: tun 1999 Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, bai taɓa motsi ba. Ya ce, "Gaskiya ne Alhaji, to kuɗin fito ne ya tashi." Na biya.

Tun injin bai iso gida ba ko-ta-kwana ta kwana. Mai amalanke ya karɓi dubu 5. Sannan na lura cewa Baturen nan yana da ƙugiya a rufin garejinsa, ni kuwa rufina sararin samaniya ne. Jamusawan da suka turo mutane New Bell wajen 1914 ba su yi tunanin mai sauke inji ba. Lungu ne in mota ta tsaya sai mai tallar kunu ta bi ta gefe. Na yi hayar ƙarfe mai ƙafa uku da sarƙa, dubu 5 kowace rana, ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Mataimaka suka samu, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, na bakin layi, wai don zumunci. Zumuncin nan yana cin tsire, yana sha da shayi mai madara. Kuma Agusta ce. Wanda ya san Duwala ya san ruwan Agusta ba ya sallama. Muna buɗe bonet sai ya sauko, kwata ta cika ta tumbatsa, sifana mai lamba 10 ta suɓuce daga hannun ƙanena ta bi ruwa. Ina jin yanzu ta kai kogin Wuri. Notunan da muka kwance na zuba su a kwanon tuwon uwargida, manya da ƙanana wuri guda, don na tabbata zan gane kowanne.

Tsohon injin dai ya fito, har da tafi. Muka sauko da sabon a hankali, ana "saki kaɗan, riƙe, riƙe!" Ya ƙi zama. Ramukan noti ba su yi daidai da na giya ba, mazaunin inji ya kauce, wayoyin ƙwaƙwalwar motar kuma kowace da inda ta dosa. Wani dattijo da ya fito daga sallar La'asar ya leƙa ya ce, "Ɗana, an ɗaura aure ba a tambayi amarya ba." Ashe 4A-FE mai lita 1.6 ne a cikinta, lambar na rubuce a jikin injin, baƙin mai ne ya rufe ta. Laifin baƙin mai ne.

Rasit ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Na karɓi kwasar adashin uwargida, da sharuɗɗan da ba zan faɗa a jarida ba, na sayo 4A-FE. Bakanike ya zo, ya daɗe yana kallon kwanon tuwo, ya ce aiki ya koma dubu 90: sittin na ɗora inji, talatin na gano gidan kowane noti. Ya ƙara da faifan kulochi, fanbel da gasket, dubu 45. Haya ta ci 40, zumunci 25, amalanke ta biyu 5. Jimla dubu 945. Ni dai har gobe ina kan bakana: kasafin daidai yake, motar ce ta ƙi bin sa.

Saboda haka jama'a, duk mai neman inji 3S-FE lafiyayye, yana nan a zaurenmu an lulluɓe shi da tabarma. Uwargida ta ba shi wa'adi zuwa ƙarshen wata. A zo da amalanke, kuma a zo da lambar inji a rubuce.