Buhu Ba Ya Ɓuya

Bana a Gidigir, duk wanda bai shiga ƙungiyar sayen abinci ba ana yi masa kallon wanda kansa bai waye ba. Tsarin da sauƙi a baki: mutum goma ko goma sha biyar su haɗa kuɗi, a sayo gero da wake da mai a sari, a zo a raba, kowa ya huta da tsayuwa gaban mai awo. Masu tallar abin sun haddace lissafinsu tsaf. Buhun gero mai kilo 100 tiya 40 ne. Mai saye tiya-tiya yana biyan ribar mai awo, da ta dillali, da ta mai kamyo, da ladan wanda ya sauke kaya, har da goron wanda ya tsaya yana kallo ana saukewa. Mai sayen buhu kuwa ya tsallake su duka. Daga nan sai a ɗora karin maganar da taro ba ya cika sai da ita: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lissafin daidai yake, dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu suna watanda tun tuni: a haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a kasa nama, a yi faɗan hanta, a watse. Mata suna asusu. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tsarin da aka sani da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, ga shi yau ya bazu har ƙasashen da ba a jin Hausa. Akwai bankunan cimaka a ƙauyuka, ga kuma hukumar OPVN mai fito da hatsi a farashi mai rahusa idan rumbuna suka yi ƙasa. Da aka rufe iyakar Najeriya a 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, kowa ya koma masanin tattalin arziki a ƙofar gidansa. Ba wanda zai ga laifin mai neman sauƙi. Abu ɗaya ne masu lissafin suka manta ba su sa a takarda ba, wato halinmu.

Mu fara da taron farko. Kafin a ambaci ƙwayar gero ɗaya sai an zaɓi shugabanni: shugaba, mataimakiyar shugaba, sakatariya, ma'aji, mai binciken ma'aji, mai binciken mai bincike, mai tsawatarwa, da uwar ƙungiya wadda aikinta kawai a gaishe ta. In an gama rabon muƙami za a tarar mace ɗaya tak ta rage babu kujera. Ita ce talakawan ƙungiya, ita kaɗai ce kuma ke biyan tarar makara. Can sai wata ta ɗaga hannu: "Hajiya, ranki ya daɗe, yaya za a yi mu fito ranar rabo kowa da irin zaninta? Ai sai a ce ba mu da haɗin kai." Nan take a fitar da anko. Kuɗin atamfa da na tela sun kusa rabin buhu, amma ba a rubuta su a littafi, don fita kunya ba ta shiga lissafi.

Kada maza su yi dariya, tasu ta fi. Su a fada suke taro, shayi zagaye uku, a aiki yaro wajen mai tsire, a kwana ana warware matsalar farashin shinkafa ta duniya baki ɗaya. Idan aka zo zubi, sai kowa ya shafa aljihu ya tuna ya bar kuɗin a ɗaya rigar.

Sai batun lafiya, wanda da shi aka yi wa ƙungiyar talla. An je awon jarirai, malamar asibiti ta yi bayani dalla-dalla: gero da wake da gyaɗa da ganye irin su zogale ke gina jiki; yawan gishiri da dunƙulen miya na tayar da hawan jini; yawan sukari kuwa kowa ya san inda yake kai mutum. Kowa ta gyaɗa kai. Ranar rubuta kayan da za a sayo, sakatariya ta ce, "Gero buhu nawa?" Aka yi tsit. Can wata ta ce, "Yaya, gero fa sai surfe, sai wanki, sai kai wa inji. Ni bayana ya gaji." Wata ta ce ƴaƴanta da sun hango tuwo sai su ce sun ƙoshi. Aka tashi da shinkafa ƴar waje, katan-katan na taliya, jarkar mai, buhun sukari, da dunƙulen miya wanda zai ishi gidan biki. Don kada malamar asibiti ta ji labari, aka ƙara gero buhu biyu da wake buhu ɗaya a ƙasan takarda. Zogale kuwa aka ce a bar shi, ai kowane gida akwai. Akwai ɗin kuwa, sai dai akuya ce kaɗai ke bin shawarar likita.

To, ina za a sayo? Gidigir na da kasuwarta, ga dabino da kanwa na fitowa daga kwari, ga hatsin da ƙauyuka ke kawowa da kaka. Amma ƙungiyar da ta yi anko ba ta sayayya a gida. Sai Damagaram, sai Kasuwar Dole. Mutum ɗaya ya isa wannan aike, sai dai ba a yarda da mutum ɗaya ba. Aka tura mai riƙe kuɗi, da mai lura da mai riƙe kuɗi, da mai iya ciniki, da wata mai son duba ƴarta a Mirya tunda hanya ɗaya ce. Kuɗin mota zuwa da dawowa, abincin rana, lemo mai sanyi, tsarabar yara, duk daga akwati. Geron da suka ɗauko, ba mamaki shi ne wanda mazajensu suka sayar da kaka a wulaƙance don hidimar biki. Ya hau kamyo, ya bi ta Gidimuni, ya sha iskar birni, ya dawo gida yana tsada kamar ɗan ci-rani da ya koyo sa tabarau.

Ranar rabo ake sanin ashe mai awo malami ne. Shi in zai saya, tiyarsa ta yi tozo har ya tare da damtse. In zai sayar, ta sha aski. A ƙungiya kuwa kowa mai saye ce, kowa na son tata ta yi tozo. Buhun da aka rantse tiya 40 ne sai ya tsaya a 37. Ina ukun suka shiga? Mai bincike ta kalli ma'aji, ma'aji ta kalli mai ciniki, mai ciniki ta ce a tambayi direba. Uwar ƙungiya ta ce a yi haƙuri, zumunci ya fi gero, alhali tuni an kai nata kason gida da tozonsa.

Duk wannan somin taɓi ne. Babbar masifa tana farawa ne lokacin da amalanke ya tsaya a ƙofar gida da rana tsaka. Tiya ɗaya a ƙarƙashin mayafi take shiga gida, ba wanda ya gani, ba wanda ya tambaya. Buhu kuwa sai an yi sallama da ƙarti biyu, sai an buɗe ƙyaure duka, sai yaran unguwa sun yi rakiya. Kafin la'asar labari ya kai Gure.

Wadda ta fara zuwa maƙwabciya ce: "Yaya, ara mini tiya biyu zuwa ranar kasuwa." Ba ta faɗi wace kasuwa ba, ba ta faɗi wace shekara ba. Sai ƙanwar miji, wadda rabonta da gidan tun suna, ta zo gaisuwa da ƙwarya a lulluɓe. Sai saƙo daga surukuwa: "Inna ta ce a gaishe ki, ta ji Allah ya buɗa." Wannan ba roƙo ba ne, amma duk wadda ta amsa da "ina amsawa" kawai, ta shirya jin sunanta a kowane gidan suna har shekara ta zagayo. Sai baƙo da ya ce kwana ɗaya zai yi, ya leƙa ɗakin ajiya, ya ce ashe motar gobe ma ba ta da tabbas. Wa za a hana? Lokacin awon tiya, in ka ce babu, gaskiya ka faɗa, kowa ya yarda. Yanzu fa? Ga buhu a jingine yana ba da shaida a kanka.

A cikin gida ma hannu ya sauya. Mai tuƙa tuwo da ke auna gari da tsoron Allah, da ta ga buhu sai ludayi ya ƙara girma. Shinkafa da ake ci ran Juma'a ta koma ta kullum, har da ɗumame. Maigida kuwa ya shigo, ya shafa buhu, ya yi hamdala, ya raba kuɗin cefane biyu. In aka yi magana sai ya ce, "Haba uwargida, ba ga abinci nan Allah ya hore ba?" Kamar ana miya da buhu. Waken da aka saya don lafiya, shi ba wanda ya ara. Yana nan a kusurwa har ƙwari suka gane shi. Akwai buhun PICS mai ninki uku da ke toshe iska ya kashe ƙwarin ba tare da magani ba, an kuma kawo maganarsa a taro, amma aka ce kuɗin ƙungiya ba na almubazzaranci ba ne.

A 1844, a garin Rochdale na Ingila, mutum 28, cikinsu har da masaƙa, suka haɗa taro da sisi suka buɗe ɗan shagon haɗin gwiwa, da gari da sukari da man shanu da kyandir kaɗan. Daga wurinsu ƙungiyoyin gama kai na zamani suka ɗauki ƙa'idoji. Cikin dokokinsu akwai cika mudu, akwai kuma saye da kuɗi hannu, ba bashi. Dokar ta yi musu aiki. Ina dai so in ga jarumar da za ta tsaya a tsakar gida a Gidigir ta karanta wa surukarta ita.

Duk da haka ba a ce a rushe ƙungiya ba. Mata Masu Dubara sun riga sun nuna hanya: abin da ke cikin akwati mai kwaɗo uku ba ya jin gaisuwa. A sayi hatsi da kaka, a nan gida, lokacin da yake ƙasa. Wanda ya noma ya rage sayar da nasa don kiɗan kwana ɗaya. A tara buhunan a ɗaki guda, mabuɗai a hannu uku, kowace mace ta zo ta ɗebi na mako, ta rufe da mayafi ta wuce. Wanda ya zo aro a ce masa, "Wallahi mabuɗi na wajen Hajiya, Hajiya kuma ta tafi Gure." An rufa asiri, ba a yanke zumunci ba, kyautar da aka yi niyya kuma a yi ta da zuciya ɗaya, ba don buhu ya tona ba.

Kafin a kai ga wannan hankali, abincin wata uku ya ƙare a mako biyar, ƴan ƙungiya sun koma gaban mai awo ɗaya bayan ɗaya, kowa na kauda kai kada ta haɗa ido da ƴar'uwarta. Shi kuwa bai yi gori ba. Ya tarbe su da fara'a, ya tambayi lafiyar yara, ya buɗe sabon shafi a littafin bashi. An ce ma ya nemi a sa shi cikin ƙungiyar a zagaye na gaba, kuma an riga an ware masa kujerar mai ba da shawara.